Buhu Huɗu na Hayaƙi

Babana ya shiga jirgin sama sau ɗaya a rayuwarshi. Ya tafi, bai dawo ba.

Sunanshi Zakari. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Ya daɗe yana shirin zuwa Makka. Da lokaci ya yi, muka raka shi bakin hanya. Ya shiga mota zuwa Mayahi, daga nan Maradi, daga nan Yamai. Ya kira mu daga filin jirgi yana dariya. Ya ce mota ta karya mashi baya, yanzu cikin jirgi zai huta.

Ya gama aikin hajjinshi lafiya. Ana saura kwana huɗu su taso, zazzaɓi ya kama shi. Can aka yi mashi sallah, can aka rufe shi. Abokan tafiyarshi suka kawo mamu jakarshi, da ruwan zamzam, da 'yar darduma da ya saya mani.

Mutane suka ce ya yi sa'a. Na yarda. Amma ni ba ni da wurin da zan nuna in ce nan Baba yake. Sai gonarshi.

Gonar Baba ba ta yi kama da ta kowa ba. Shi ba ya yin sassabe irin na da, wanda ake share gona tas. Idan kututture ya yi toho, sai ya durƙusa ya duba. Ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran. Sannan ya ɗaura masu tsumma, don masu neman icce da makiyaya su san suna da mai su. Har suna aka sa mashi a gari, Zakari mai tsumma. Kuma bayan girbi ba ya kwashe kara. Yana barin shi kwance, wai ƙasa ma tana son mayafi.

Ana gobe zai tafi, ya kai ni gona. Ya yagi bakin tsohuwar rigarshi shuɗiya. Ya ɗaura ma wani ɗan gawo da bai wuce ƙuguna ba.

Ya ce, "Wannan naki ne. Kafin ki gama kwaleji zai yi maki inuwa."

Ina ajin ƙarshe a lakwal, makarantar firamare, lokacin. Shekarar aka kawo mamu sabon malami daga Tasawa, Mushe Abdurrahamane. Mushe muke ce ma malami a lakwal. Dogo ne, muryarshi ƙarama. Idan yana rubutu, alli yakan karye mashi sau biyu kafin ya kai ƙarshen layi. Bai san gidajenmu ba tukuna. Bai san labarin kowa ba.

Wata Talata da safe, zafi ya fara, ya ce yau lissafi da kimiyya za su haɗu. Ya ɗiga alli a gefen allo ya rubuta Yamai. Ya ɗiga a ɗaya gefen ya rubuta Jidda. Ya ja dogon layi tsakaninsu. Ya ce ya zaɓi wannan hanya ne don ita ce alhazanmu ke bi, kowa ya san ta.

Ya ce tsakanin filin jirgin Yamai da na Jidda kusan kilomita dubu huɗu ne. Jirgi kuma yana cin wajen ɗari takwas a awa guda. Awa nawa zai yi?

Ni na fara gamawa. Biyar. Amma ban ɗaga hannu ba. Ina kallon layin nan, ina tunanin Baba zaune a wani wuri bisa shi, da rawaninshi, yana leƙen taga.

Wani ya ba da amsa. Aji ya yi ta mamaki. Aka ce amalanken shanu ma yakan yi awa biyar bai kai kasuwar Mayahi ba. Mushe ya yi dariya tare da mu.

Sannan ya ci gaba. Ya ce jirgi mai yake sha, mai yawan gaske. Idan man ya ƙone, yana fitar da wani hayaƙi da ido ba ya gani. Motoci ma suna fitar da shi, da injuna, da wutar icce. Hayaƙin yana taruwa sama, yana riƙe zafin rana kamar bargo. Shi ya sa duniya ke ƙara zafi, damina kuma ke rikicewa.

Ya ce idan aka raba hayaƙin jirgin nan tsakanin mutanen da ke ciki, kowa zai samu wajen kilo ɗari huɗu a zuwa kaɗai. Kamar buhu huɗu na gero. Ya tambaya, zuwa da dawowa buhu nawa ke nan?

Aji ya ce, "Takwas."

Sumaiya ce ke zaune gefena. Tare muke zuwa rijiya, tare muke faɗa, tare muke shiryawa. Bakinta ya fi ƙafarta sauri. Ta ɗaga hannu ta nuna ni.

"Mushe, babanta huɗu gare shi kawai, tunda bai dawo ba."

Wasu suka yi dariya. Daga baya wata murya ta ce, ashe su mai tsumma ne suka ƙone mamu gero bara.

Mushe ya tsaya da alli a hannu. Ya dube ni. Ya buɗe baki zai yi magana. Ban jira ba.

Na miƙe na ce, "Ƙarya ne."

Ba a taɓa ce ma Mushe haka ba. Na taka har gaban allo. Na kama bakin hijabina, na goge layin nan daga Yamai har Jidda.

Na ce, "Hayaƙi ba shi da nauyi. Babana bai ƙone geron kowa ba."

Mushe ya ce a hankali, "Zauna. Ban gama ba. Akwai sauran rabin darasin."

Na ce, "Ni na gama."

Na ɗauki kayena, littafin rubutuna, na fita. Ban waiga ba.

Na iske Inna tana tankaɗe. Ta dubi rana, ta dube ni. Ta tambaya ko lakwal ta ƙone ne. Na gaya mata komi. Ta aje rariya. Sannan ta ce Sumaiya ba ta kyauta ba, amma ni ma ban kyauta ba. Ta ce gobe in koma in ba Mushe haƙuri.

Na ce ba zan koma ba, sai ya janye buhunanshi daga kan Baba.

Inna ta ce, "Taurin kan nan na ubanki ne. Amma shi yana barin mutum ya kai ƙarshen magana."

Washegari ban je lakwal ba. Inna ta yi faɗa, na ɗauki tulu na tafi rijiya.

Da la'asar Sumaiya ta same ni can. Ta ce Mushe ya aiko ta, wai in zo yana son magana da ni. Ta ce ita ba da mugunta ta faɗa ba, lissafi ne kawai ya zo mata baki. Na ce ta kai lissafinta gidansu. Ta ce to, sarauniyar masu fushi. Na ce na gode, gidan rediyo. Muka rabu kowa na hura hanci.

A hanyar gida na yi wata dabara. Mushe ya ce hayaƙi yana da nauyi kamar buhun gero. To, zan cika buhu da hayaƙi. In ɗaure bakinshi. In kai aji, in aje mashi bisa tebur gaban kowa, in ce ya ɗaga ya ji. Idan aji ya ga buhun ba shi da nauyi, sunan Baba ya wanku.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗauki buhu wofi daga gindin rumbu. Na saci ashana daga madafa. A gida Inna za ta gani, don haka na nufi gonar Baba.

Babu kowa. Manyan gawuna sun yi kore shar, don gawo da rani yake ganye. Na gaida nawa. Shuɗin tsumman ya koɗe, amma yana nan.

Na tara kara, dami guda babba. Na ɗauko shi bisa kai har sai da wuyana ya yi ciwo. Na aje a wani ɗan fili, na ƙyasta ashana.

Hayaƙi ya tashi. Na buɗe bakin buhu na kifa a sama. Hayaƙin ya shiga, ya fita ta cikin saƙar buhun kamar ba a tare shi ba. Idona ya yi ta ruwa. Na ce don na yi nisa ne. Na ƙara saukar da buhun.

Buhun na leda ne. Ya narke, ya kama da wuta. Wani ɗigo ya faɗo mani a bayan hannu. Na yi jifa da buhun ban duba inda zai faɗa ba.

Ya faɗa cikin karan da Baba ya koya mamu mu bari kwance.

Iska ta taso daga gabas. Wuta ta miƙe ta fara gudu. Na buga ta da takalmi. Na watsa mata ƙasa da hannu biyu. Ina kashe nan, tana kama can. Na ga ta nufi wajen ƙananan itatuwa masu tsumma. Nan na fara ihu.

Kawu Na Allah, wan Inna, gonarshi ke maƙwabtaka da tamu. Ya zo da gudu, da wasu makiyaya biyu da ke wucewa da shanu. Suka karyo ɗanyen kalgo suka yi ta bugu. Suka ja kara gefe suka yanke mata hanya. Sai a bakin burtali ta mutu.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya yi baƙi. Na je wurin gawona. Ya koma sanda baƙa. Babu ganye. Babu tsumma.

Kawu ya zo ya tsaya kaina yana haki. Ya tambaye ni mi ya kawo ni gona da ashana.

Na ce, "Na zo kamun hayaƙi."

Ɗaya daga cikin makiyayan ya fara dariya. Ya dubi fuskar Kawu, ya haɗiye ta.

Kawu ya ce, "To, kin kama?"

Na ce, "Buhun ne ba shi da kyau."

Na ɗauka zai doke ni. Bai doke ni ba. Ya ce gobe da safe in dawo da kaye da biro. In bi gonar nan icce bayan icce. In rubuta waɗanda suka tsira, in rubuta waɗanda na ƙone. Yanzu kuma in wuce gida in gaya ma uwata da bakina.

Inna ta saurare ni har ƙarshe. Ta kama hannuna ta duba ƙunar. Ta kai ni gidan likita aka wanke aka naɗe. Duk hanya ba ta ce komi ba. Da ta yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Sai da muka shigo gida ta tambaya, "Har da mai shuɗin tsumma?"

Na ce har da shi.

Ta ce, "Sumaiya da baki ta taɓa shi. Ke da wuta kika taɓa shi."

Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da safe na tafi gona da kayena. Na fara da manya. Gawo, kalgo, aduwa, da magarya biyu. Wuta ba ta yi masu komi ba, sai ɗan baƙi a gindi. Na samu hamsin da takwas. Sannan na bi ƙanana. Sha tara sun ƙone. Kowane na rubuta, sai in tuna ranar da Baba ya durƙusa gabanshi.

Ina cikin haka na ji ƙarar babur. Kawu ne, ya goyo Mushe Abdurrahamane. Na juya baya. Na yi kamar ina rubutu.

Kawu ya ce Mushe daga gidanmu yake. Ya je ya yi ma Inna gaisuwar rasuwa, ko da yake ta daɗe.

Mushe ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni. Ya ce bai san Baba ya rasu a can ba. Ya ce da ya sani, da ya fara yi mani magana kafin ya ja layin nan.

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Allah ya jiƙan Alhaji Zakari."

Ban taɓa jin babba ya ba yaro haƙuri ba. Kuma tun rasuwar, ba kowa ke ce mashi Alhaji ba, don bai dawo an yi mashi barka ba. Na ce amin. Amma ban sauko ba.

Na ce, "Har yanzu dai hayaƙi ba shi da nauyi."

Kawu ya ce, "Ka gani ko, Mushe? Kan nan ko gatari sai ya yi tunani."

Mushe bai yi gardama ba. Ya ce in nuna mashi inda na fara hura wutar. Na kai shi. Ya tambaya karan da na tara ya kai nawa. Na ce dami guda, har wuyana ya yi ciwo. Ya ce in kwashe tokar da ta rage.

Na durƙusa na tara ta da hannuna mai lafiya. Ba ta wuce cikin tafi biyu ba. Iska ma tana ɗauke ta.

Ya ce, "Jiya ya sa maki ciwon wuya. Yau ga shi a tafin hannu. Ina sauran nauyin ya tafi?"

Na dubi ƙasa. Babu rami, babu komi. Na dubi tokar. Sannan na ɗaga kai na dubi sama.

Na gane. Nauyin bai ɓata ba, tashi ya yi. Ke nan Mushe bai yi ƙarya ba. Ke nan Baba yana da buhu huɗu can sama, ni kuma jiya na ƙara mashi.

Nan kukan da na riƙe tun ranar Talata ya zo. Suka bar ni na yi. Kawu ya juya yana gyara rawani.

Da na lafa, Mushe ya ce, "Wancan rabin darasi ne. Za ki ji sauran?"

Na share hanci na ce zan ji.

Ya kai ni gindin babban gawon da ke tsakiyar gona. Ya ce in tura shi. Na tura, bai motsa ba. Ya ce iccen nan daga 'yar ƙwaya ya fara, wadda ba ta kai wake ba. Yau shanu huɗu ba za su ja shi ba. Wa ya kawo mashi wannan nauyi?

Na ce ƙasa.

Ya ce in duba gindinshi. Da ƙasa ya ci, da akwai rami kamar rijiya. Babu. Ya ce ganye ne ke shan hayaƙin nan da ba a gani. Icce yana haɗa shi da ruwa da hasken rana, ya mai da shi jiki. Wuta tana kwance nauyi ta aika sama. Icce yana kamo shi ya ɗaure a ƙasa.

Ya ce masana suna ƙiyasta babban icce yakan sha wajen kilo ashirin a shekara. Wani ya fi haka, wani bai kai ba. Ya tambaya manya nawa na samu.

Na ce hamsin da takwas.

Ya ce, "To, ke ce mai saurin lissafi."

Na zauna a ƙasa na buɗe kaye. Hamsin da takwas sau ashirin. Dubu da ɗari da sittin. Na raba da ɗari, nauyin buhu guda. Na sake yi don kada in yi kuskure.

Na ce, "Buhu sha ɗaya da rabi. Har da ɗan ƙari."

Mushe ya ce, "A shekara guda. Kuma kowace shekara."

Kawu ya yi tsaki, amma da kanshi yake. Ya ce shekara sha biyar Zakari na ɗaure-ɗauren tsumma, su suna mashi dariya a majalisa. Ashe shi ne mai hankalin.

Mushe ya ƙara da cewa ba manomin da ya hau jirgi sau ɗaya ke zafafa duniya ba. Akwai ƙasashen da jirage ke tashi kamar tsuntsaye daga gonar dawa, da mutanen da ke hawa kowane mako. Ya ce abin da ya so ya gaya mamu ke nan ranar Talata: namu hayaƙin kaɗan ne, kuma maganin yana cikin gonakinmu.

Da na zauna minti biyar kawai, da na ji wannan. Da sha tara ɗin nan suna tsaye.

Na tambayi Kawu ko sun mutu ke nan. Ya tona gindin wani kalgo da yatsa, ya kankare saiwa. Cikinta ɗanye ne. Ya ce kalgo da sabara ba su mutuwa da sauƙi, ransu yana ƙasa. Na ce gawona fa? Ya duba ya daɗe. Ya ce wannan ƙarami ne, sai abin da Allah ya yi.

Ya yanke mani aiki. In kewaye kowane ɗaya da ƙaya, don awaki. In riƙa kai ma gawon ruwa kullum da safe kafin lakwal. Ya nanata kalmar lakwal yana kallona.

Ranar Litinin na koma. Na tsaya gaban aji, hannuna naɗe da farin ƙyalle. Na ce ma Mushe ya yi haƙuri don na ce mashi maƙaryaci alhali gaskiya ya faɗa. Ya ce ya wuce. Na roƙe shi alli.

Na ɗiga Yamai. Na ɗiga Jidda. Na mai da layin da na goge. Na rubuta kilomita dubu huɗu, awa biyar, buhu huɗu. A ƙasa na zana icce, na yi lissafin gonarmu kowa na gani.

Na juyo na ce, "Sumaiya ta ce babana huɗu gare shi. Gaskiya ne. Ga sha ɗaya da rabi da yake kwashewa kowace shekara. Wanda ya ce ya ƙone mashi gero, ya taso ya gaya mamu icce nawa ke gonarsu."

Ba wanda ya taso.

Mushe ya ce in zauna, ya isa haka. Amma na ga yana danne murmushi. Ya ba kowa aikin gida, ya je ya ƙirgo itatuwan gonarsu. Washegari wani ya zo da arba'in, wani da bakwai. Wanda ya yi maganar gero ya zo da uku, ɗaya ma ya bushe. Ban yi mashi dariya ba. Na so in yi, amma na tuna gonarmu baƙa.

Da aka tashi, Sumaiya ta biyo ni. Ta ce bakinta ne, ya riga ta fita. Ta ce in yafe mata. Na ce sai ta ɗauki bido ɗaya, wato jarka, na ruwa zuwa gona. Ta ce ashe yafiyata da dako take zuwa. Amma da safe na iske ta ƙofar gidanmu da bido bisa kai.

Muka yi ta kai ruwa. Ƙaya ta soke mu ba adadi. A mako na uku kalgo suka fara toho, jajaye-jajaye, daga gindi. Sabara ta biyo baya. Na riƙa soke su ɗaya ɗaya daga cikin kayena. Sha tara ta koma goma, ta koma huɗu.

Gawona shiru. Sanda baƙa kawai.

Sumaiya ta ce wataƙila mu haƙura. Kawu ma ya ce ruwan nan da na kai ma wani. Na ce ba zan bari ba. Inna ta ce su ƙyale ni, wannan karon taurin kan ya samu wurin zama.

A mako na shida, wata Asabar, na durƙusa zan zuba ruwa. Sai na ga wani abu a gindin sandar. Toho uku ne, ƙanana, kore, da 'yan ƙayoyinsu masu laushi. Na aje bidon a hankali. Na ce ma Sumaiya ta duba, ko idona ne. Ta duba ta ce ba idona ba ne.

Na ruga gida. Na gaya ma Inna. Ta shiga ɗaki ta buɗe jakar Baba. Ta fito da rigar nan shuɗiya mai yagaggen baki. Ta ƙara yagar wani siriri ta ba ni. Sannan ta ɗauki mayafinta ta biyo ni. Tun rasuwar ba ta taka gonar ba sai ranar.

Kawu ya ce a bari tohon su ƙara ƙarfi kafin a zaɓa. Muka jira har ruwan farko ya sauka. Ranar na durƙusa kamar yadda Baba ke yi. Na duba ukun nan na daɗe. Na zaɓi wanda ya fi miƙewa, na cire sauran. Na ɗaura mashi shuɗin tsumma, sako-sako, don ya samu wurin girma.

Yanzu ina kwaleji a Mayahi. Gawon ya kai kafaɗata. Cikin sha tara ɗin nan, biyu ne kawai ba su dawo ba. Tabon ƙuna yana nan a bayan hannuna. A ƙauyenmu gonaki da yawa sun fara tsumma, har da ta su Sumaiya. Ni kuma yara suna ce mani ɗiyar mai tsumma, ina amsawa.

Wani lokaci jirgi yakan wuce can sama, ƙarami kamar allura, ya bar farin layi. Nakan tsaya in dube shi. In yi ma Baba addu'a. Sannan in koma ga aikina.

Abin da na koya shi ne wannan. Idan ana magana, ka bari a kai ƙarshe, ko da farkonta ya yi maka ciwo. Na tashi in kare sunan Baba da fushi, sai na ƙone abin da ke kare shi. Fushi ba ya wanke sunan kowa. Sauraro da aiki su ke wanke shi.